Yadda Ake Zaɓen Layin da Za a Cire

Idan na ga samari a kan tsani suna kafa akwatunan faiba, sai in tuna wani koren akwatin ƙarfe na layukan tarho da muka kafa a unguwar Majidaɗi, ba a daɗe da mayar da Jalingo babban birnin jiha ba. Lokacin wayar tagulla ce. Kowane gida mai tarho yana da 'yan wayoyinsa biyu a cikin akwatin unguwa.

Na gama jami'a ke nan aka haɗa ni da masu ja layi. A takarda ni ne mai duba aiki, amma a gaskiya, ko in ce yadda na gani, foman, wato shugaban ma'aikatan, shi ne mai iko. Injiniya yake kirana, kuma ba don girmamawa ba.

Muna cikin mayar da layuka sabon akwatin aka aiko cewa wani darakta ya tare a unguwar, yana son tarho. Babu gurbi ko ɗaya. Na ce wataƙila a jira sabuwar kebul. Foman ya yi dariya, ya ciro wayarsa ta gwaji.

"Zo ka ga abin da ba a koya maka ba, Injiniya."

Sai ya riƙa kiran gidajen ɗaya bayan ɗaya, wai gwaji muke. Wanda ya daka tsawa ya ce waye, foman ya ba shi haƙuri ya wuce. Wani ma zaginsa ya yi. "Wannan yana da mutane a sama," in ji foman.

Can a wani gida aka ɗauka tun kafin ƙarar ta ƙare. Ina jin muryar daga inda nake tsaye, ta tsoho ce, tana rawa.

"'Yata, ke ce? Yaya jikin maman?"

Da ya gane mu ne, ya nemi gafara. Ya ce tsohon malamin firamare ne, matarsa tana asibiti a Jos, 'yarsu ce ke kira ta faɗi halin da ake ciki. Ya yi mana godiya, ya ƙara da sannu da aiki.

Foman ya dube ni. "Ka ji? Mai godiya ba shi da kowa." Ya sa filaya ya zare wayoyin.

Na ce, "Oga, ina ganin ko a duba wani. Akwai mara lafiya."

"To zaɓo, Injiniya. Na kwamishina ko na alƙali?"

Na kai maganar ofis. Aka ce in fara sanin gari tukuna.

Washegari tsohon ya zo wurin akwatin da jug na kunun zaki, ya ce tarhonsa ya yi shiru. Foman ya shanye kofi biyu, ya goge baki.

"Ruwa ne ya shiga layinka, Baba. Sai rani."

"Allah ya kai mu, ɗana. Na gode."

Ba zan iya cewa tarhon zai canza wani abu ba, ban sani ba. Abin da na sani, labarin rasuwar matar wani direban motar Jos ne ya kawo, bayan an riga an binne ta. Layin kuwa yana gidan darakta, kuma da muka gwada shi tsawa aka daka mana.