Dutse a Kan Kabarin Likitan Shanu

Ko tsufa zai kwashe komai daga kaina, ranar da na kai wa mamaci kwat ɗinsa a Vom ba za ta fita ba.

A lokacin ina ɗinki a Tudun Wada. Mai ɗakina ta rasu, yara sun watse, daga mai Kano sai mai Abuja, hirata ta koma ni da kekena. Akwai wani tsohon Bature, likitan shanu, da ya yi ritaya ya ƙi komawa gida, yana zaune a garin Vom kusa da Jos. Duk shekara idan sanyin Jos ya fara cizo, sai ga shi da wata kwat ta ulu mai kauri wadda ya ce uwarsa ce ta saƙa yadinta. Ta sha faci har ta gaji. Nakan ce, "Likita, ka jefar da ita mana, ai ko gwanjo ya fi ta." Shi kuma ya ce, "Tela, ɗinki na kawo, ba shawara na zo nema ba."

Wata rana na yi suɓul da baka na kira shi ɗan Ingila. Wayyo! Har kunnuwansa suka yi ja. Na ce, "To, Bature ai Bature ne." Ya ce, "Kai ma baƙin mutum ne kawai, ba Bahaushe ba?"

Ranar ya zauna a bencina ya ba ni tarihinsu. Su mutanen duwatsu da tsibirai ne, can ƙuryar arewacin Sikotlan, da yarensu daban. A da suna da sarkinsu mai jiragen ruwa, sarkin ƙasar ma sai dai ya lallaɓa su. Daga baya aka karya sarautar, yarensu ya zama abin duka a makaranta, masu filaye suka kori mutane suka zuba tumaki. Ya ce, "Na koma sau ɗaya. Gidanmu ba rufi, tunkiya na kwance inda gadon uwata yake. Na yi sallama cikin yarenmu, ba mai amsawa."

Sai ya ce a wajensu idan mutum ya mutu, duk wanda ya san shi yakan ɗora masa dutse, har su zama tsibi. Ya yi 'yar dariya. "Ga duwatsu cike da Filato, amma wa zai ɗora mini?" Na ce, "Haba Likita, daina wannan magana." Wallahi tausayinsa ya kama ni, domin ni ma ɗakin da zan koma ba kowa a ciki.

A shekarar ƙarshe ya bar kwat ɗin bai dawo ba. Na gama faci, na rataye, shiru. Da abin ya dame ni, na naɗe ta na shiga motar Vom. Wata tsohuwa mai noman dankali, maƙwabciyarsa, ta dube ni ta dubi ƙunshin. "Ayya, Malam, ka yi latti. Baba ya tafi, mun bizne shi." Ta kai ni gefen wani tudu. Jar ƙasa ce kawai, ba dangi, ba alama.

Na daɗe a tsaye. Ni Musulmi ne, wannan ba al'adata ba ce, kuma bai ce in yi ba. Amma tambayarsa tana kunnena. Na sunkuya na ɗauki dutse kamar ƙwaryar fura na ɗora. Tsohuwar ta ce, "Na mene ne?" Na gaya mata. Ta ajiye fartanyarta ta nemo nata.

Tun daga nan duk shekara nakan je idan sanyi ya shigo. Tsohuwar ma ta rasu. Tsibin ya kai gwiwa, kuma duk duwatsun nawa ne in ban da guda ɗaya. Yara na ta cewa in tattara in bar Jos, ina ce musu sai na gama wani aiki.

Abin da na koya shi ne, ba ranar da aka karya sarautar mutane suke ƙarewa ba, sai ranar da aka rasa wanda zai tuna da su. Kwat ɗin tana jikina yanzu. Bana gwiwoyina sun fara ƙin hawan tudun, ban kuma san wanda zan gaya wa inda kabarin yake ba.