Hodar Ƙwari da Jar Karsanata

Shekarar da fara ta sauka a Kwaya bayan babban fari, aka raba wa manoma wata farar hoda ta kashe ƙwari. Maigidana ya ga yadda take zubar da fara, shi ke nan ya kamu da sonta. Rumbu hoda, harawar gyaɗa hoda. Da na yi sake, ina jin ni ma sai ya barbaɗa mini.

Wadda ta fi shan wannan gata ita ce jar karsanar da babana ya ba ni da aure, ita kaɗai na mallaka a garken gidan. Don kada kaska ta taɓa ta, maigida yakan shafe ta da hoda har ta koma fari-fat kamar mai daka. Ta yi ƙiba, ta yi sheƙi, amma ciki ya ƙi zama. Bijimi zai hau ta, mu zuba ido, wata bai cika kewayowa ba sai ta koma nemansa. Damina biyu muna haka, shanun da ba a kula da su kuwa suna ta haihuwa.

"Juya ce," in ji maigida. "Ranar kasuwar Magariya zan kai wa mahauta."

"Malam, taka ce?" na ce. Amma na san ba a ciyar da juya a shekarar yunwa.

Da malamin dabbobi ya zo rigakafi, ya shafa bayanta, ya shinshina tafinsa, ya yi tsaki. Ya ce wannan hoda ba ta barin jiki da wuri, a kitse take kwanciya, kuma yana zargin ita ke ɓata cikin tun bai kai ƙwayar gero ba. Maigida ya ce shi dai bai taɓa ganin maganin fara ya hana haihuwa ba.

Na ga gardama ba za ta cece ta ba, sai na aika wa yayana a Dogo-Dogo, inda ba mai shafa mata hoda, ya zo ya karɓe ta aro, irin na makiyaya: saniya tawa, abin da ta haifa a hannunsa nasa. Maigida ya yi dariya har da riƙe ciki, wai na ba Yaya aron iska.

An daɗe shiru, har na fara jin kunyar tambaya. Sai a damina ta biyu saƙon Yaya ya zo. Na hau jaki ban ko ɗaura kallabi daidai ba.

Na tarar da maraƙi yana tangaɗi a gindin jar saniyata. Yaya ya ce, "Kin dai san na wane ne."

"Na sani, Yaya. Miƙo mini ƙwarya."

Na durƙusa na tatse ta, ina dariya ina hawaye, rabin nonon a zanena.