Ƙanena Ya Riga Ni Sauka

Rana ɗaya muka bar garin Lafiya ni da ƙanena. Shi zai hau jirgi a Abuja ya tafi Alƙahira karatu, ni kuma daga gida aka aike ni Maiduguri gaisuwar rasuwa. Tafiyarsa a sama ba ta kai awa shida ba. Da ya turo hoton saukarsa, ina bakin titi a Fataskum ana yi wa tayar motarmu faci. Na daɗe ina kallon hoton.

Washegari na isa, ƙafafuna a kumbure, na kira Inna.

Ta ce, "Madalla. Ka ji ɗan'uwanka ya sauka lafiya? Wai har abinci aka ba su a sama."

Na ce na ji. Ni ba ta tambaye ni ya hanya ba.