Na Yi Ƙarya Da Jikina Na Karɓe Gurbin Yayana

A lokacin ina da shekara ashirin da biyu, ɗan wani ƙauye a gefen Minjibir. Shan inna ya taɓa min ƙafafu tun ina goye, amma daga ƙugu zuwa sama lafiyata ƙalau. Da kaka a zaune nake tsigar gyaɗa tare da 'yan'uwana, ba wanda yake riga ni cika buhu. Wanda ya kai ni wasan ƙwallon kwando na keken guragu wani bawan Allah ne daga wajen Tofa, ya girme ni da shekara goma, Yaya nake ce masa. Shi faɗowa ya yi daga saman motar harawa, bayansa ya karye, daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya jin komai. A tasha muka haɗu, ya kalli kafaɗuna ya ce wannan ƙirar ba ta zaman ƙofar gida ba ce. Shekara biyu muna shiga birni atisaye, shi ya koya min juya keke da jifa.

A wasanmu ana gwada kowa a ba shi maki gwargwadon ƙarfin jikinsa. Mai rauni sosai makinsa kaɗan, kuma mutum biyar da ke fili ba a yarda jimillar makinsu ta wuce iyaka ba. Don haka mai ƙaramin maki da ya iya wasa, kowace ƙungiya tana sonsa. Da aka zo zaɓen masu zuwa babbar gasa, na ga masu irin ƙarfina sun yi yawa, ba zan samu shiga ba. Sai wani abokin wasa ya raɗa min cewa in sassauta jikina ranar gwaji. Haka na yi. Aka ce in karkata gefe, na saki jiki kamar zan kife, na damƙi taya, aka ba ni ƙaramin maki. Ban koyi wannan kifewar a wajen kowa ba sai a wajen Yaya, kuma yana gefe yana kallona.

Suna ya fito, gurbi ɗaya ya rage wa masu ƙaramin maki, na fi Yaya gudu, aka ɗauke ni aka bar shi. Ranar tafiya ya zo tasha ya ba ni ɗamarar da yake ɗaure ƙirjinsa da ita a jikin keke, ya ce tunda an ce irin jikinmu ɗaya, zan buƙace ta. Na karɓa ban iya ɗaga ido ba.

A wasa na biyu ƙwallo ta zo ta gefe za ta fita. Ban yi tunani ba, na miƙe jiki na cafe ta da hannu biyu, na dawo daram. 'Yan kallo suka yi tafi, masu gwaji kuma suka yi rubutu. Aka sake gwada ni, aka cire ni daga gasar, ƙungiyarmu ta ƙarasa ba cikakkun mutane. Da na faɗa wa Baba, bai yi faɗa ba. Ya ce ba shi na zalunta ba, in nemi mai haƙƙin.

Sai da na yi wata uku kafin na iya zuwa. Na sami Yaya yana gyaran takalma a inuwar darbejiya. Ya ce min kafaɗarsa ta fara ciwo, da ma wannan ce gasarsa ta ƙarshe. Ya ce gurbin bai dame shi ba kamar ganin yadda na kwaikwayi faɗuwarsa, abin da yake roƙon Allah kullum kada mutane su gani. Ya yafe min, har ya sa aka kawo min fura. Amma bai sake zuwa fili ba.

Yau ina wasa da makina na gaskiya, yawanci a benci nake. 'Yan'uwana masu wannan wasa, duk wanda ya ce ku ƙara wa kanku rauni don a ɗauke ku, ku tuna raunin da za ku ara na wani ne, shi kuma ba ya iya cire shi bayan an tashi.