Kalmar da Baba Ya Ara

Italiyancina bai wuce tafin hannu ba, shi ma a waya na tsince shi saboda Yaya, da ya shekara shida a can. Wata rana ya aiko hoton wani shago a rufe, an manna takarda a ƙofa: torno subito. Na bincika. Tornare, komawa inda aka fito. Mai shagon cewa yake yi, yanzu zan dawo.

Na nuna wa Baba a rumfarmu ta atamfa a kasuwar Treichville. Ya daɗe yana kallo.

"Su ba su da maƙwabcin da zai duba musu kaya?"

Abin da ya ce ke nan, amma na san ba shagon ne ya dame shi ba. Yaya ɗan fari ne. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya ce ya yi kewarsa. "Wancan" yake ce masa. Wannan kunya tana ba ni haushi har yau. Mutum gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo, yana so ɗansa ya zo ya karɓi rumfa, amma bakinsa ya ƙi buɗuwa.

Washegari muna cikin bas daga unguwar Adjamé za mu kasuwa, muna kan gada, ruwa ya kwanta luf, kwalekwale ɗaya yana tafiya kamar mai jin barci. Baba bai dube ni ba ya ce:

"Ke, in za a ce wa mutum ya dawo fa?"

"Torna, Baba."

"Turna."

"Torna."

"To, madame la maîtresse," ya ce da Faransanci, wato malamar makaranta.

Kwana uku yana juya kalmar a baki. Yana ninke atamfa yana faɗa, yana auna yadi yana faɗa, har wata mai saye ta ɗauka sunan sabon zane ne. Ni kuwa ina gefe ina mafarkin ido biyu: Yaya ya sauko daga taksi, ya yi ƙiba, yana tsokanata.

Ranar Juma'a bayan masallaci ya miƙo hannu na ba shi wayar. Na danna masa wurin ɗaukar murya. Babu sallama, babu tambayar aiki. Kalmar kawai ya faɗa, sau biyu, ya miƙo mini ya shiga gyara kayan da ke a gyare.

Amsa ta zo kafin la'asar. Na kunna. Da farko iska kawai muke ji, sai jan hanci. Can Yaya ya ce da Hausa:

"Baba, ni kake kira?"