Gogen Baban Eunice

Matthew Didam ya baro ƙauyensu kusa da Zonkwa a 1979, shekarar da soja suka miƙa mulki, ya sami aiki a wata masaƙa a Kakuri. Aka haɗa shi da wani Baitaliye mai suna Ettore, wanda ya zo kafa sababbin injinan saƙa. Ma'aikata suka ga sunan ya yi musu nauyi, suka mayar da shi Oga Tore.

Wata Lahadi aka aiki Matthew gidansa. Ya iske shi zaune da wani ƙaton abin kiɗa tsakanin gwiwoyinsa, ya rungume shi kamar maraƙin da za a yi wa allura. Celo sunansa. Shekara tara Oga Tore ya yi yana kaɗa shi cikin wata ƙungiyar makaɗa a garinsu, kafin ƙofar mota ta datse masa yatsu biyu, ya koma gyaran injina. Matthew ya tsaya a bakin ƙofa har aka gama, saƙon ma ya manta da shi.

Shekara huɗu Matthew yana koyo a wajensa, duk Lahadi bayan coci. Da Oga Tore zai koma ƙasarsu, ya bar masa celon. Matthew kan ce kyauta ce. Ni dai ina zargin mutumin ya gaji ne da zama ɗaki ɗaya da abin da kullum yake tuna masa wanda ya so ya zama.

A Makera, unguwar su Matthew, ba mai cewa celo. Goge suke cewa, goge kuwa a kunnen mutanen coci na gidan giya ne da 'yan bori. Matar Matthew, Dorcas, wadda ta yi aiki a masaƙar kafin ta haifi 'yarsu Eunice, ita ke jan waƙa a zumuntar mata. Shekara da shekaru ana kiranta matar mai goge, tana shanyewa.

A 1999 likita ya tabbatar masa da abin da ya riga ya sani: ƙarar injina ta cinye kunnen dama, na hagu ma yana kan hanya. Sai Matthew ya nemi dattawan coci su bar shi ya kaɗa ranar godiyar kaka. Ya ce yana so ya gode wa Allah da soja suka koma bariki. Soja ba su dame shi ba. So yake ya kaɗa sau ɗaya a gaban jama'a tun yana jin abin da hannunsa ke yi.

"Goge a gidan Ubangiji?" in ji Dattijo Jonathan, shugaban dattawan.

"Celo ne, Baba."

"Yana da tsirkiya? Ana goga shi? To goge ne da ya ci ya ƙoshi."

Aka yi dariya. Dattijon ya karkata wajen fasto, ya yi ƙasa da murya, tun da ai kurma ne a gabansu: "Matarsa ce ta roƙe mu mu hana." Ya manta da wa yake zaune. Wanda ya yi shekara ashirin a ɗakin saƙa, inda ko ihu ba a ji, da ido yake jin magana. Matthew ya karanta leɓɓansa tsaf.

Ya tarar da Dorcas a tsakar gida tana tsince acca.

"Maman Eunice, ashe kunyata kike ji."

Ba ta musa ba. Ta ajiye tiren, ta juyo sosai don ya ga bakinta.

"Da kunyarka nake ji, da tuni na dafa wake da katakon nan. Baban Eunice, kiɗanka ya karkace. Tun bara. Kana taɓa nan, sautin yana can."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"In faɗa maka ka daina? In ka daina me ya rage maka? Gara a ce an hana ka saboda goge, da a ce Celina shugabar mawaƙan coci da 'yan kwayarta sun yi maka dariya a bayan littafin waƙa."

Ya zauna a kan turmi. Ya daɗe yana kallon yatsunsa kamar su suka ci amanarsa.

"To shi ke nan," ya ce.

"Wa ya ce shi ke nan? Ɗauko shi."

Ya ɗauko, ya ja. Ta runtse ido, ta ɗaga babban yatsa tana murza iska. Ya gane nan take: alamar ɗakin saƙa ce, zare ya saki, a ƙara masa ƙarfi. Ya matsar da yatsa. Ta kife tafin hannu, wato ya isa, bar shi haka. Sai ga sautin ya zauna.

Sati shida suka yi a haka. Ita da kanta ta koma wajen Dattijo Jonathan ta warware abin da ta ƙulla. Ya ce, "Ku mata, ku ne kare ku ne zomo." Ta ce, "Na ji, Baba. A sa shi bayan an tattara baikon coci."

Ranar godiyar, aka ajiye masa kujera tsakanin doya da buhunan masara. Dorcas ba ta shiga layin zumunta ba. Ta zauna a bencin gaba, hannunta a kan gwiwa. Mutane suka ɗauka ƙauna ce ta hana shi ɗauke ido daga kanta. Ba su yi kuskure sosai ba. Wata tsohuwa ta fara bin waƙar da yarensu na Bajju a hankali, wasu suka kama.

A hanyar gida yana goye da celon, ta riƙe masa sandan da ake goga shi.

"Na kauce?"

"Sau biyu."

"Biyu kawai?"

"Uku. Na ukun ya yi daɗi, na bar maka."