Ƙarar Salansa a Gaban Makara

Da aka ɗage dokar hana hawa mashin a Potiskum, ina cikin waɗanda suka zauce. Na sayi wani tsohon mashin mai dogayen ƙafafu, na bi sahun samarin da ke fita bayan unguwar Yindiski duk Lahadi, muna tsallake kwari, muna kutsawa cikin rairayi. Ba haya muke yi ba, ba kuma wani wuri za mu ba. Daɗin abin kawai.

A wurinmu, mashin ɗin da ba ya ƙara keke ne. Shi ya sa na sa bakanike ya huda min salansa. Makulli ma cire shi muka yi, wai kada ya faɗi a daji, aka haɗa wayoyin kai tsaye. In za ka kashe, sai ka saka giya ka saki kuloci, injin ya shaƙe ya mutu. A lokacin gani nake wannan ita ce ƙarshen wayewa.

Wata Lahadi bayan la'asar na dawo ni kaɗai, buɗu-buɗu, da hular kwano a kaina. Ina karyo kwanar layinmu a Dogo Nini sai ga jama'a ɗauke da makara. Ashe maƙwabcinmu dillalin shanu ne ya rasu ina daji. Kowa ya san abin da ake yi: ka tsaya, ka kashe, ka sauka har a wuce. Na taka birki, na saki totur, totur ya ƙi dawowa. Rairayi ya cushe wayarsa. Mashin ya dinga kururuwa kamar injin niƙa. In na saki kuloci, cikin mutane zai cilla ni. Na laluba inda makulli yake, babu komai sai rami.

Masu makara suka dakata, don na tare hanya. A cikinsu, daga gaba, Baba ne, mahaifina, kafaɗarsa ƙarƙashin gawar amininsa. Da ƙyar na fizge wayar fulogi, wuta ta ja ni, mashin ya yi shiru. Ban cire hular ba har suka wuce. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari na je zaman makoki cikin farar riga, na raɓe a ƙarshen tabarma. Ina ta lallashin kaina cewa hula ta rufa min asiri, wataƙila sunan Baba ya tsira. Bayan an shafa addu'a, wani dattijo daga Kasuwar Shanu, baƙo a unguwar, ya ce, "Ni kam jiya ɗan gidan wa ne ya tare gawa da mashin? Ba shi da manya ne?"

'Yan layinmu duk sun san mashin ɗin, amma kowa ya sunkuyar da kai saboda Baba. Da shi Baban ya yi shiru, da maganar ta wuce.

Baba ya gyara zama. Ko inda nake bai kalla ba.

"Alhaji, yana da manya," in ji shi. "Nawa ne. Ku yafe mana."